Voulet Na da Kabari a Maijirgi, Ina Alamar Waɗanda Ya Kashe?

Duk matafiyin da ya taso daga Birnin Ƙonni ya bi babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 zuwa Damagaram, sai ya ratsa Gidan Rumji da Tsibirin Gobir, ya bar Maraɗi a hannun dama, ya keta Aguié da Gazawa kafin ya sauka Tasawa. A tsawon wannan tafiya idonsa zai ƙoshi da alluna: na ƙungiyoyin agaji, da na kamfanonin salula, da na masallatan da masu hali suka gina, har da tsofaffin hotunan 'yan takara da rana ta ƙone. Da wuya ya ci karo da allon da zai tsayar da shi ya sanar da shi cewa kwaltar da yake gudu a kanta ta bi kusan sawun rundunar da ta ƙone garuruwan wannan ƙasa a shekarar 1899. Alamar da ta fi shahara daga waccan shekara tana gaba kaɗan da Tasawa, a garin Maijirgi, kuma kaburbura ne na hafsoshin Faransa biyu da suka jagoranci kisan. Wato mai kisa ya samu suna da wurin kwanciya da baƙi ke tambaya a kai su, waɗanda ya kashe kuwa ko adadinsu ba a tsayar ba. Wannan abin kunya ne, kuma kunyar ta daɗe da tashi daga kan Faransa ita kaɗai, ta hau kan masu ƙasar.

Labarin ba ɓoyayye ba ne. A ƙarshen shekarar 1898 gwamnatin Faransa ta tura runduna ƙarƙashin Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine, ɗan janar ɗin da ya riƙe ma'aikatar yaƙi a wannan shekara, da umarnin su isa tafkin Cadi. Turawan da ke cikinta ba su kai goma ba. Sauran ɗaruruwan 'yan bindiga ne baƙar fata da aka ɗebo daga yankunan da Faransa ta riga ta ci, da 'yan dako da aka kamo daga ƙasar Mosi, da matan da aka yi ta kwasowa a hanya. Rundunar na ɗauke da igwa, amma ba ta ɗauko guzurin da zai ciyar da wannan taro ba, ma'ana tun daga tushe an tsara za ta ci daga rumbunan talakawa ta sha daga rijiyoyinsu. A watan Janairun 1899 ta kashe mutum kusan 100 a Sansane Hausa, a bakin kogin Kwara. A watan Afrilu ta yi karo da mutanen Sarauniya Mangu a Lugu. A watan Mayu ta afka wa Birnin Ƙonni, inda ganuwar ƙasa ta kasa tsaya wa makaman zamani, aka kashe ɗaruruwan mutane a yini guda bisa ƙiyasi mafi ƙanƙanta. Daga nan ta miƙe gabas ta shiga ƙasar Gobir da ta Katsinar Maraɗi.

Abin da ya faru a wannan yanki, Bafaranshe ne ya rubuta shi da hannunsa. Da wasiƙar wani hafsa mai suna Péteau, wanda aka kora daga rundunar, ta fallasa ta'asar a Faris, sai aka turo Laftanar Kanar Klobb daga Tumbutu ya karɓi jagoranci. Klobb bai buƙaci ja-gora ba, don toka da gawawwaki sun ishe shi nuna hanya. Littafin tafiyarsa ya ambaci matan da ya tarar a rataye a bishiyoyi a Tsibiri, da 'yan mata ƙanana biyu da aka rataye a reshe guda a Koran Kalgo. Bayanan Faransa sun kuma ambaci mata da yara kimanin 150 da aka kashe ranar 13 ga Yuli, a matsayin fansar 'yan bindiga biyu. Washegari, 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa, Voulet ya sa aka harbe Klobb a Dankori. Kwana biyu bayan haka 'yan bindigar suka juya wa iyayen gidansu baya, suka kashe Chanoine ranar 16, Voulet kuma ranar 17.

Mutuwar Klobb ce ta girgiza Faris, jinin Gobirawa da Katsinawa bai tayar da hankalin kowa ba sai tsiraru irin ɗan majalisa Vigné d'Octon. A 1902 aka rufe bincike da hukuncin cewa zafin ƙasar Sudan ne ya taɓa ƙwaƙwalwar hafsoshin biyu. To amma mahaukaci ba ya tsara hanya da taswira, kuma abin da mahaukaci ya ƙwato akan mayar wa mai shi. Ragowar rundunar ba ta juya ba: ta ci Damagaram a ƙarshen wannan wata na Yuli bayan karon Tirmini, wani sashenta ya wuce har Kuseri inda aka kashe Rabe a watan Afrilun 1900. Faransa ta yi tir da mutum biyu, ta riƙe ƙasar shekara 60. Saboda haka kisan 1899 yana cikin harsashin ginin da ake kira Nijar a yau, kuma al'ummar da ba ta san abin da ke ƙarƙashin gidanta ba za ta daɗe tana mamakin tsagewar bango.

Biranen da wutar yaƙi ta ci a wasu sassan duniya ba su bar abin ga littattafai kaɗai ba. Jiragen Jamus sun ƙone tsakiyar Rotterdam a ƙasar Holan ranar 14 ga Mayun 1940. A 1953 aka kafa aikin Zadkine, siffar mutum mai rami a ƙirji, daga baya kuma aka dasa fitilu a cikin daɓen tituna a kan iyakar da gobarar ta tsaya, yadda mai zuwa kasuwa zai taka tarihin garinsu da ƙafarsa. A Coventry ta Ingila, wadda aka yi wa ruwan bama-bamai ranar 14 ga Nuwamban 1940, an bar kangon babbar majami'ar a tsaye, aka gina sabuwa a gefensa a 1962. Darasi mafi kusa da buƙatar Maraɗi kuwa ya fito ne daga Hiroshima. A 1974 wani dattijo ya kai wa gidan talabijin na ƙasar Japan zanen abin da idonsa ya gani ranar da bam ya faɗi, gidan ya yi kira ga sauran waɗanda suka tsira, aka tara zane fiye da 2,000 daga hannun mutanen da ba su taɓa koyon zane ba. Waɗannan zane-zane sun faɗi abin da alƙaluman hukuma suka kasa faɗi, domin kowanne na ɗauke da gada ko unguwa ko fuskar wani da mai zanen ya sani.

Faransa kanta ta san wannan aiki fiye da kowa. Ranar 10 ga Yunin 1944 sojojin Jamus suka hallaka mutum 643 a ƙauyen Oradour, suka ƙone mata da yara a cikin coci. Janar de Gaulle ya ba da umarnin a bar kangon yadda yake, kuma har yau ana kai 'yan makaranta su ga kekunan ɗinki da motocin da suka yi tsatsa a inda aka bar su. Sunan kowane mamaci na rubuce. Ba a taɓa jin wani ya ce wa mutanen Oradour su haƙura, abin ya wuce, ko su fara gyara asibiti tukuna. Shekara 45 kacal ke tsakanin Koran Kalgo da Oradour. Idan yarinyar da ta ƙone a cocin Oradour ta cancanci suna a jikin dutse, da wace hujja za a hana wadda aka rataye a reshe?

Ba za a ce 'yan Nijar sun yi shiru gaba ɗaya ba. Abdoulaye Mamani ya fitar da littafinsa a kan Sarauniya a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ɗauki babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1987. A 2020 fim ɗin African Apocalypse ya bi hanyar rundunar gari-gari yana sauraron jikokin waɗanda abin ya shafa, daga baya kuma aka fassara shi da Hausa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 hukumomin soja sun ƙirƙiro lambar yabo da sunan Sarauniya Mangu, a watan Oktoban 2024 kuma suka cire sunan de Gaulle daga wani babban titin Yamai suka sa na Djibo Bakary, suka sauke hoton Monteil suka ɗora na Thomas Sankara. Duk wannan na da nasa amfani. Sai dai kusan dukkansa a babban birni ya tsaya, kuma jarumai yake ɗaukaka. Jaruma ɗaya mai sauƙin ɗauka ce: ana buga ta a lambar yabo, a rataya wa wanda gwamnati ta ga dama. Macen da aka tarar tana daka aka kashe, da manomin da ya ƙi nuna rijiya aka sare kansa, ba su da farin jini wajen masu jawabi, alhali su ne mafi yawa, kuma jikokinsu ne ke cika kasuwannin Gidan Rumji da Aguié da Gazawa.

Kayan aikin kuma suna nan, a bakin mutane. Al'ummar da ta raɗa wa yunwar 1913 zuwa 1914 suna Kakalaba, ta kira ta 1984 El Buhari, har tsoho ke ƙirga shekarunsa da su, ba ta rasa hanyar adana masifa ba. Akwai gidajen da suka san daga wane kango kakanninsu suka gudo, akwai maroƙa da makaɗan fada masu riƙe da jerin sarakuna da abin da ya faru a zamanin kowanne, akwai rijiyoyi da kukoki da ake nunawa da yatsa. Amma lissafin lokaci ba ya tausayi. Yaron da ya ga rundunar yana da shekara 10, idan Allah ya ja kwanansa ya kai 80, ya rasu wajen 1970. Waɗanda suka zauna gabansa suka ji daga bakinsa da hankalinsu, yau sun haura 65. A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, duk jana'izar irin waɗannan dattawa na binne wani sashe na shaidar da babu kwafinta a ko'ina. Nan da shekara 15 abin da zai rage shi ne littafin Klobb da takardun da ke ajiye a Aix-en-Provence, wato labarin waɗanda aka kashe daga alƙalamin abokan aikin makasansu.

Masu adawa da wannan kira kashi-kashi ne, kuma kowanne ya cancanci amsa. Na farko su ne masu cewa tone-tone ba ya haifar da alheri, abin da ya wuce a bar wa Allah. Barin hukunci ga Allah daidai ne, kuma ba wanda ya nemi a hukunta ƙasusuwan Voulet. Amma yafiya na bin sani ne. Wanda bai san abin da aka yi masa ba bai yafe ba, mantawa ya yi. Su kansu masu wannan magana ba sa barin sunayen iyayensu su ɓace, suna raɗa wa 'ya'yansu su, suna yi musu addu'a da suna.

Kashi na biyu malamai ne da ke tsoron kada abin ya zama gunki ko gini a kan kabari, kuma a jiha irin Maraɗi wannan tsoro ba abin rainawa ba ne. Amsarsu ita ce mutum-mutumin tagulla al'adar Turai ce, ƙasar Hausa ba ta buƙatar aron ta. Maginan da suka ƙawata gidajen unguwar Birni a Damagaram sun daɗe suna magana da bango ba tare da sun zana fuskar ɗan Adam ba. Falke Barmu, maginin masallacin Yama a jihar Tawa, da laka da itace ya samu kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu a 2018, da hannun maginan yankin. Bangon da ke ɗauke da sunaye ba abin bauta ba ne, kamar yadda allon makaranta ba abin bauta ba ne. Rijiya kuwa sadaka ce mai gudana, kuma babu abin da ya fi dacewa da tunawa da rundunar da ta bar rijiyoyi da gawawwaki kamar ruwa mai tsabta da aka haƙa da sunan mamatan.

Kashi na uku su ne masu cewa da abinci da tsaro aka fi damuwa. Gaskiya ne gundumar Gidan Rumji na fama da 'yan bindigar kan iyaka, kuma tun 2019 take karɓar dubban 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina. Amma wannan hujja ce da ke ƙarfafa kiran. Mutanen da a yau suke ganin ana ƙone ƙauye ana kora shanu ana kwashe mata, su suka fi kowa buƙatar ganin cewa ƙasa na rubuta sunan talakan da aka kashe. Ƙasar da ta saba binne talaka ba tare da lissafi ba a 1899, ita ce ke ba da rahoton harin jiya da cewa mutane da dama sun rasa rayukansu. Ban da haka, kuɗin bangon laka da na'urar ɗaukar murya ba su kai na taron bita guda a otal a Yamai ba.

Kashi na huɗu su ne masu jiran Faransa ta nemi gafara ta biya diyya. Neman haƙƙi ne, kuma al'ummomin da suka kai ƙara gaban Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi abin a yaba. Sai dai amsar da Faransa ta bayar a 2025 ta tsaya ga cewa ƙofar tattaunawa a buɗe take, ba tare da ɗaukar alhaki ba. Kisan Thiaroye na 1944 a Senegal ya jira shekara 80 kafin shugaban Faransa ya kira shi da sunansa a 2024. Dattijon Tsibiri ba shi da shekara 80 ta jira. Kuma duk ranar da aka zauna teburin diyya, wanda ya zo da sunaye da wurare da muryoyin shaidu ya fi ƙarfin wanda ya zo da fushi kawai.

Akwai haɗari guda da ya fi waɗannan duka, shi ne 'yan siyasa su karɓe aikin. Idan aka bar wa ofishi a Yamai, abin da za a samu sananne ne: kwangila, da siffar soja riƙe da tuta a shataletalen gari, da jawabin zagin Faransa, da allon tagulla mai sunan ministan da ya buɗe. Irin wannan gini zai ɓoye abin da ya fi ɗaci a labarin. Hannuwan da suka ja kunamar bindiga a Ƙonni da Koran Kalgo mafi yawansu na baƙar fata ne. 'Yan dakon Mosi da suka faɗi a hanya aka kashe su don sun kasa ɗaukar kaya, su ma mamatan wannan ƙasa ne ko da ba a nan aka haife su ba. Cikin waɗanda aka kashe akwai Musulmi akwai Azna. Akwai kuma tambayar da ba a son yi a fada: wa ya tsaya, wa ya gudu, wa ya ba da ja-gora don ya tsirar da garinsa ko ya huce haushin maƙwabci? Alamar da ta gaza ɗaukar waɗannan ta zama tallar gwamnati, kuma tallar gwamnati na faɗuwa tare da gwamnatin, kamar yadda hoton Monteil ya faɗi.

Don haka tsarin aikin a bayyane yake, kuma sauraro ne farkonsa. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi na da ɗaliban da suka fito daga waɗannan garuruwa. Cibiyar CELHTO da ke Yamai an kafa ta ne tun 1968 domin tattara tarihin baka. Cibiyar IRSH na da ƙwarewar adana rubuce-rubucen ajami. A tura matasa gida-gida a rani guda, mata su zauna da tsofaffin mata, domin abin da aka yi wa mata ba a faɗinsa a zaure gaban maza. Inda ruwayoyi biyu suka saɓa a ajiye su duka, kada a daidaita su don su yi daɗin ji. A mayar wa kowane gari muryoyinsa ta gidajen rediyon karkara kafin a kai su ko'ina. Bayan haka sai kowane gari ya zaɓi abin da zai gina da inda zai gina shi, a bakin kasuwa ko kusa da tsohuwar rijiya, da hannun maginansa, a rubuta da boko da ajami, tunda kundin da aka fitar a 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa. Inda aka san suna a sa suna, inda ba a sani ba a sa sunan gida ko unguwa, inda wannan ma ya ɓace a bar gurbi a jikin bango. Kaburburan Maijirgi kuwa kada a rushe su. Shaida ce, kuma mai ƙara ba ya ƙone shaidarsa. Abin da suke buƙata shi ne allo a gefensu mai jera garuruwan da mutanen biyu suka ƙone.

Manoman wannan yanki sun riga sun nuna cewa ba sai an jira Yamai ko Faris ba. Daga shekarun 1980 zuwa yau, a ƙauyuka irin su Dan Saga ta Aguié, sun dawo da miliyoyin itatuwa cikin gonakinsu ta hanyar sassaben zamani, ba da dashen da aka kawo a mota ba: sun lura cewa kututturen da ake zaton ya mutu yana da saiwa mai rai, suka tsare tohonsa daga gatari da akuya. Tunanin 1899 na cikin irin wannan hali a gidajen Gobir da Katsinar Maraɗi, da bambanci guda, cewa saiwarsa mutane ne masu shekara 70 da 80. Sarakunan gargajiya da magadan gari da malaman makarantun Gidan Rumji da Aguié da Gazawa su ne abin ya rataya a wuyansu, kuma ba sa buƙatar izinin kowa kafin su aika yaro da na'ura ya zauna gaban kakarsa. Ranar 14 ga Yuli na zagayowa kowace damina. Faransa na bikinta a wannan rana, garuruwan da ke kan hanyar Tasawa kuwa suna da sunayen da za su karanta.